Shekarar da Aka Rufa Masaukin Mata

Kwanakin baya ina kishingiɗe a ɗaki na ji Sani da abokansa na ƙungiyar ƴan asalin Dakoro suna shawara a tsakar gida, suna neman wanda za su tunkara da maganar taimakon gidan likita. Wannan ya ce wane na da manyan motoci a hanyar Kwatano, wancan ya ce wane ya tada bene a Yamai. Can sai wani ya ce cikin raha, ai dabara ita ce a samo attajirai biyu da ba sa ga-maciji, a zuga ɗaya da ɗaya, kamar yadda aka yi wa baban Sani da Alhaji Rabe. Suka kwashe da dariya, har da Sani. Ni dariyar ba ta zo mini ba. Ashe haka labarin ya koma a bakin mutane, wai mahaifinku ya rufa masaukin mata ne don ya kunyata wani. Waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun kwanta dama, saura ni kaɗai. Don haka wannan babin naku ne, ku ƴaƴana, ku karanta shi a natse.

Abin ya faru ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba. A lokacin Dakoro gari ne sabo, ba irin Maraɗi ko Tibiri ba inda kowa ya san kakan kowa. Bariki ya fara zama, kasuwa ta bi bariki, mutane suka bi kasuwa: Gobirawa da Katsinawa da Adarawa, ga Filani da Buzaye masu shigowa da nono da cuku da bisashe. In ka tambayi mutum asalinsa, sai ya nuna maka gabas ko yamma da haɓa, ya kawo wata magana. Amma garin na da daɗin zama irin wanda ban sake gani ba. Sautin daka ke tashin mutum da safe, da muryar masu kora takarkari a bakin rijiya, don rijiyoyinmu zurfi gare su, hannu ba ya iya musu. Da la'asar maza su kewaye rediyo guda a ƙofar mai unguwa, labarin ya iso mana cikin gida, rabi daidai rabi ƙari. Kowa na jin ƙasa ta dawo hannunsa. Duk abin da aka rasa sai a ce a yi gayya, a buga ganga, kafin rana ta take an ci rabin aiki.

Mahaifinku, wanda gari ke kira Mai Hatsi, ya zo Dakoro da samartakarsa daga wani ƙauye can bayan Kornaka, ba shi da kowa a nan. Da kaka yakan sayi hatsi da gujiya, ya loda wa raƙumansa zuwa Maraɗi da Jibiya, ya dawo da goro da kananzir da turamen zane. Bayan gidanmu rumbuna ne a jere kamar an kifa tukwane. Amma in ka gan shi a hanya ba ka ce ya mallaki akuya ba. Riga ɗaya ce ta fita, sai ta tsufa a sake. Ba ya hawan doki, ba ya zaman majalisa, in maroƙi ya taso shi da kirari sai ya ce Allah shi ba mu, ya wuce. Da haka sunan rowa ya manne masa, shi kuwa ko a jikinsa. A gidan akwai yayata Barira, wadda ta dawo wurinmu bayan rasuwar mijinta, mace ce da magana ba ta kwana a cikinta. Akwai kuma Agali, Buzu daga wajen Tagris, madugun raƙuman, wanda suke tare da mahaifinku tun kafin a kawo ni. In sun dawo daga tafiya sai Agali ya hura gawayi a zaure ya ɗora shayi, ƙamshi ya cika gida, ya aiko mini da nawa. Ni kuwa abin da na fi so a duniya shi ne azahar, lokacin da mahaifinku ke shigowa ya zauna bakin ɗakina ina dama masa fura, yana ba ni labarin hanya. Mutumin da ba ya magana a waje, a nan bakinsa ke buɗewa. Shekarar Sani na tatata, ni kuma ina da ƙaramin ciki.

Gidan likita ƙarami ne, da ma'aikaci ɗaya da muke ce wa majo, sai Inna Cima ungozoma da ke kama masa in haihuwa ta zo. Da labari ya bazu cewa akwai allura a Dakoro, sai aka shiga kawo mata masu doguwar naƙuda daga ƙauyuka da rugage, wata a kan jaki, wata a kan takarkari. Babu inda za a sauke su. Gindin wasu itatuwan aduwa da ke bayan likita, nan ne masaukinsu, a kafa zana a shimfiɗa tabarma. Mu matan gari mukan kai musu fura da ruwan zafi, don ba a ganin baƙuwa a wannan hali a wuce. Dattawa suka kai kuka bariki. Sufurefe, wato shugaban bariki, ya ba da fili, ya ce gwamnati jaririya ce, sauran aiki na mutanen gari ne. Da rani aka yi gayya, maza na kwaɓa ƙasa, mu muna jidar ruwa, makaɗa na zuga samari. Bango ya tashi, dogon ɗaki mai faɗi gwanin sha'awa. Sai rufi ya gagara. Faɗin ɗakin ya fi ƙarfin itacen dajinmu, dole sai tol, wato kwanon rufi, da katako daga kudu, waɗannan kuwa ganga ba ta kawo su. Sai an samu mutum ɗaya mai ƙarfi ya ɗauki nauyin.

Aka ɗora neman mutumin a kan Mushe Isuhu, malamin lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, ɗan Tasawa, mai zafin nama da kyakkyawar zuciya. Bai wahalar da kansa da tunani ba, don duk gari wuri ɗaya ake kallo: gidan Alhaji Rabe. Shi ke da kamyo, babbar motar kaya, shi ya fara shafa wa gidansa siminti, in ya fito ranar salla maroƙa har faɗa suke a kansa. A gaban taro, a ƙofar mai gari, Mushe ya miƙe ya yabe shi, ya ce Dakoro ta zuba masa ido. Ina Alhaji Rabe zai sa kansa? Ya ce ya ɗauka. Aka yi guɗa, Yaya Barira ma ta rangaɗa tata. Wata ya tsaya ya ɓace, wani ya tsaya, ba tol ba labarinsa. Alhaji Rabe ya tafi Maraɗi ya ƙi dawowa. A hankali magana ta fito cewa kamyon ba nasa ba ne, na wani mai sayen gujiya ne, shi wakili ne kawai, abin da yake samu kuwa ba ya kwana, saboda yawan masu ci a ƙarƙashinsa. Ba mugun mutum ba ne, Allah ya jiƙansa. An roƙe shi abin da ba shi da shi, a inda ba zai iya cewa babu ba.

Abin ya ƙona Mushe Isuhu, ya rantse ba zai sake tunkarar kowa ba sai ya san abin da ke bayansa. Nan ya yi daidai. Inda ya kauce shi ne abin da ya ɗauka sani. Ya shiga kasuwa yana tambayar ƴan awo wa ya fi sayen hatsi, ya bi bayan gidaje yana leƙen rumbuna, har ya tare Agali a mashaya yana tambayarsa ko raƙuman nan duka na mutum ɗaya ne. Ku ba za ku gane nauyin wannan ba. Mu da muka tashi zamanin Nasara, ba mai tambayar yawan dabbarka sai mai shirin aza maka lanho, wato haraji, kuma ko a shekarun nan na farko ba a rasa masu kai sunan mutane bariki ba. Agali ya dawo ransa a ɓace, ya faɗa wa mahaifinku. Da azahar mahaifin naku ya shigo, ya karɓi fura ya ajiye bai sha ba.

“Kin ji mai lakwal na bin bayana shina leƙa mani raƙuma?”

Na ce, “Na ji, Malam. Don ruhin masauki ne, ba don lanho ba.”

“Zaurena na da ƙohwa. Mai son abu gare ni shi shigo shi zamna, in san shi, shi san ni. Mi ya kai shi ga dabba? Raƙumi zai ba shi tol?”

Yaya Barira na bakin murhu, ta ɗago kai.

“To kai ɗin hita kake bare a san ka? Mutum ya maida kanshi rijiya mai murhi, sannan shi ce don mi ake jehwa dutse a ji zurhi!”

Ya tashi ya fita, don yana jin nauyinta. Bayan ƴan kwanaki Mushe ya zo da wasu dattawa, ya ce sun bincika sun ga Allah ya hore masa, rumbuna maƙil, raƙuma garke. Mahaifinku ya ce tunda sun gama bincike ai ba su bar masa abin faɗa ba. Ya ba su goro, ya raka su ƙofa. Suka tafi da cewa yana da shi, bayarwa ce ba ya yi. Duka biyun ba su ci ba. Yawancin abin da ke rumbunan nan ajiyar mutane ne. Manoma da makiyaya ke barin hatsinsu a hannunsa, saboda sun san ko zangarniya ɗaya ba za ta yi ciwon kai ba. Abin da yake nasa na kansa, raƙuman ne. Maganar bayarwa kuwa, ni kaɗai na san abin da ke hana shi kallon wajen gidan likita.

Shekarar da aka kawo ni, muna gona da kaka, mun zauna gindin gawo muna hutawa, ya ba ni labarin mahaifiyarsa. Yana ƙarami, bai wuce kiwon awaki ba, naƙuda ta kama ta ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Ubansa ya aza ta a kan takarkari za su kai ta wurin wata tsohuwa a wani ƙauye mai nisa, shi ke riƙe da igiya a gaba. Yana ja, yana jin nishinta a bayansa, har ya daina ji. Abin da ke cikinta bai fito ba. A nan dajin suka rufe ta, da gatari da hannu. Da ya gama faɗa mini sai ya ce:

“Ban taɓa hwaɗa ma kowa ba. Ajiya ce na ba ki.”

Shi ya sa in ana naƙuda a unguwa yakan bar gida ya yini a kasuwa. Shi ya sa yake zagaye mai nisa don kada ya bi ta gindin aduwa, shi ya sa ko gayyar ginin bai je ba. Mutane suka karanta haka a matsayin rashin tausayi.

Ruwan farko ya zo da iska, da rana tsaka, kamar da bakin ƙwarya. Kusurwa ɗaya ta sabon bangon ta zube. Da ruwan ya ɗauke na ɗauki fura na nufi bayan likita. Na tarar da wata mata da aka kawo daga Kornaka kwance cikin caɓi. Iska ta tafi da zanarsu, ɗakin majo kuma cike yake da masu ƙyanda, ba a iya shigar da ita ba. A cikin ruwan nan ta haihu, uwarta da ƙanwarta na riƙe da zane a kanta, Inna Cima na durƙushe. Yaron ya zo da rai, ya yi kuka, sanyi ya shige shi, kafin la'asar ya koma. Na durƙusa na miƙa mata furar. Ta dube ni, ta dubi cikina, ta ce:

“Sannu da ɗawainiya, baiwar Allah. Allah shi sauke ki lahiya.”

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ga dogon ɗaki a tsaye gefenmu, ba rufi, ruwa kwance a cikinsa. Na koma gida na gwada yi wa mahaifinku maganar. Ina ambaton matar ya ɗaga hannu ya ce in bari, ya tashi ya fita. Na yi ta juya abin a raina. Na san idan ruwa ya zauna bangon zai koma ƙasa, na kuma san babu wanda zai motsa mutumin nan muddin ana zuwa masa ta wajen dukiya. Sai na yi lulluɓi na tafi gidan Inna Cima, na faɗa mata duka. Na san abin da nake yi, ba cikin ruɗu na yi ba.

Na ce, “Inna, ke uwa ce. Ki tahi da kanki. Kada ki nuna kin san komi. Ki dai yi mashi magana a hankali, kamar wadda ta san inda ke ciwo.”

Ta ce, “Na ji, ɗiyata. Bar mani.”

Daga baya ta gaya mini har ƙofar gidanmu ta zo, ta hango shi zaune a zaure, ta kasa shiga. Ta ce a ranta, ita da ba ta iya maganar maza ba, gara mai ilimi. Ta juya ta kai wa Mushe Isuhu labarin. Shi kuwa ya ga kamar an miƙo masa makulli. Da hantsi ya yi sallama. Ina bayan ƙofar zaure ina tankaɗe, na ji komai. Suka gaisa da mahaifinku, sannan Mushe ya sassauta murya.

“Baba, na ji abin da ya sami mahaihiyarka a hanya. Allah shi jiƙanta. Wanga ɗaki don irinta muka gina shi.”

Mahaifinku ya ce:

“Amin. Wa ya hwaɗa maka?”

“An dai hwaɗa mani, Baba.”

“To. Ka gaida gida.”

Mahaifinku ya shigo ya tsaya a kaina. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗaga mini ita ba har ya bar duniya.

“Na ba ki ajiya.”

“Ka ba ni, Malam.”

“Tana ina?”

“Na hidda ta. Matar nan ta Kornaka...”

“Ban tambaye ki dalili ba.”

Washegari ya sa Agali ya tattaro raƙuma, suka yi kudu ba kaya a bayansu. Bai yi mini sallama ba, Yaya Barira ya bar wa saƙo. Sauran labarin daga bakin Agali na ji shi. Sun sayar da raƙuman, ban da wasu tsofaffi da ba mai so, suka sayi tol da katako da ƙusa. Daga nan mahaifinku ya shiga Maraɗi yana cigiyar Alhaji Rabe, ya same shi a gidan ubangidansa, ya rame don kunya. Ya zauna suka ci goro, bai ambaci alkawari ba. Da zai tashi ya ce:

“Alhaji, ina da kaya ba ni da mota. Kai ka san mai mota. Mu haɗa.”

Alhaji Rabe ya roƙi ubangidansa, aka ba da kamyon kyauta. Da suka kusa gari mahaifinku ya ce a tsaya, ya sauka, ya shigo da ƙafa ta bayan gari. Motar ta iso da Alhaji Rabe a gaba, mutane suka ɗauka ya cika alkawari, maroƙa suka taso. Da ya so da ya yi shiru ya sha yabo, don abin da mahaifinku ya nufa ke nan. Amma ya tsaya a ƙofar mai gari, a wurin da ya yi alkawarin, ya ce shi mota kawai ya roƙo, ko ƙusa ɗaya ba tasa ba ce, kayan na Mai Hatsi ne. Ranar da aka yi rufin, a akushi ɗaya suka ci tuwo. Wannan ita ce gabar da ake ba ku labari. Har Alhaji Rabe ya rasu, ba a yin suna ko biki a gidansa ba a aiko mana ba.

Mushe Isuhu ya zo neman gafara, ya tsuguna a ƙofar zaure yana ta kame-kame. Mahaifinku ya bar shi ya gama, sannan ya ce:

“Ka san raƙumana, ka san mutuwar uwata, amma ba ka san ko ina shan shayi da sukari ba. Shigo ka zamna.”

Ya shiga ya zauna. Tun daga ranar ya zama ɗan gida, kusan kowace Juma'a sai ya zo. Ya daɗe a Dakoro, ya jagoranci ayyuka da yawa bayan wannan, amma ban sake jin ya tambayi dukiyar mutum a bayan idonsa ba, ko ya roƙi wani a gaban taro. Yakan yi ta zuwa gaida mutum har su saba, ya san abin da ke damunsa da abin da yake iyawa, sau da yawa ma mutumin ne ke fara ɗauko maganar.

Rufin ya ci mu, ba zan ɓoye muku ba. Fataucin Jibiya ya tsaya, bai sake tashi ba, don kafin a tara wasu raƙuma motoci sun ƙwace hanya. Mahaifinku ya koma awon tiya a kasuwa. Ba mu kwana da yunwa ba, amma ba mu ƙara zama masu shi ba. Agali ya zauna har ƙarshen damina ba aikin yi, sannan ya ce zai koma wurin danginsa a Tagris. Ranar da zai tafi ya dafa shayi na ƙarshe, ya aiko mini, ya bar wa mahaifinku butar. Suka yi tafiya tare har bayan gari, mahaifinku ya dawo shi kaɗai idonsa jawur. Ni kuma nawa rabon shi ne shiru. Duk daminar nan bai zauna bakin ɗakina ba. Yana cin abincina, yana amsa gaisuwata, duk abin da nake buƙata yana zuwa ta hannun Yaya Barira, amma da azahar a zaure yake shan furarsa. In ruwa ya sauka ina jin ƙararsa a kan tol daga nesa, in yi hamdala, in kuma yi kuka. Yaya Barira ta same ni a haka wata rana, ta ce:

“Ke kika taɓo, sai ki haƙura. Amma da ni ce, da tun bara na taɓo.”

Har yau ban ce da na sani ba. Amma kada wani ya ce muku sanin ciwon mutum abu ne da ake ɗauka a banza a yi aiki da shi. Wani ne ke biya. Ko bayan mun shirya, labarin hanya da na kasuwa ya dawo, amma irin zaman gindin gawo bai sake dawowa ba.

Da kaka na sauka, na samu ɗiya mace. Ana saura kwana biyu suna, wani Bafillace ya yi sallama da ƙwaryar nono da man shanu. Ya ce matarsa ta sha wuya, an kawo ta masauki, ta kwana cikin inuwa har Allah ya sauke ta lafiya, an kuma ce masa mai gidan nan ne ya yi rufin. Ina ɗaki ina jin su. Mahaifinku ya yi masa barka, ya ce shi dabba kawai ya sayar, wadda ta biya tana ciki. Na zaci Yaya Barira zai kira. Sai na ga an ɗaga labule, ga shi da ƙwaryar a hannu. Ya ajiye ta gabana, ya zauna a bakin ƙofa, a wurinsa na da. Ya miƙo hannu na ba shi jaririyar. Ya daɗe yana kallonta.

“Zainabu sunanta. Uwata. Ban taɓa hwaɗa maki ba.”

Na ce, “Ba ka taɓa ba, Malam.”

“To na hwaɗa. Wannan ba ajiya ba ce. Jibi liman zai hwaɗa ma gari duka.”

Ke Uwani, ke ce jaririyar. Kin sha tambayata abin da ya sa bai taɓa kiran sunanki na yanka ba, da abin da ya sa, tun kina rarrafe har kika yi aure, in kin shigo zaure sai ya gyara zama ya janyo miki tabarma. To kin ji.